Tsarnawa: an san yawan buhunan albasa, ba a san yawan baƙi ba

Galibin motocin da ke fitowa daga Yamai da Doso za su Tawa ko Agadas, a Tsarnawa suke karyawa su bar babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 su fuskanci arewa. Waɗanda suka miƙe gabas kuwa sai Malbaza da masana'antarta ta siminti, sai Galmi, Madawa, Maraɗi har Damagaram. Birnin Ƙonni na yamma da garin, kimanin kilomita 15, daga can kuma Illela ta Najeriya da Sakkwato ba nisa. Wannan matsayi na mararraba, tare da fadamun da ke kewaye, shi ya sa Tsarnawa ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren cinikin albasa na jihar Tawa. A wurin cinikin, lissafi ba abin wasa ba ne. Manomi ya san buhu nawa ya kawo, dillali ya san la'adarsa, ƴan dako sun san nawa suka loda, mai karɓar haraji ya yanka takarda, direba kuma ya san abin da ya ɗauko za shi Abijan ko Akara da shi. Buhu ɗaya ya ɓace, sai an yi shari'a.

To amma akwai wani kaya da ke ratsa wannan mararraba wanda ba ya shiga irin wannan lissafi, wato jama'ar da ke tafiya bukukuwa. Lokacin da aka gama kokowar ƙasa, ko Buɗin Daji, ko wani babban taron makiyaya, abin da aka saba ji a radiyo shi ne "dubban jama'a sun halarta", ko kuma "ba masaka tsinke". Shekara ta zagayo, a sake faɗin haka. Ko an ƙaru, ko an ragu, ko garin ya ci riba, ko kuwa masu masauki ne suka yi asarar hatsinsu, magana ɗaya ce ke rufe duka.

Bukukuwan da ke kewaye da mararraba

Yankin ba matalauci ba ne wajen taruka. A Masallata, ƙauyen da ke dab da Birnin Ƙonni, Azna na gudanar da Arwa da Buɗin Daji kowace shekara cikin rani, bayan an kammala aikin gona, inda ake duba abin da shekara za ta zo da shi game da ruwan sama, amfanin gona da lafiyar jama'a, kuma a buɗe lokacin farauta. Dattawan garin ke tsaida ranar bisa nasu lissafin wata, kuma mutane na zuwa daga ɓangarorin iyaka biyu, wasu don sauraren abin da za a faɗa, wasu don kallo kawai. A Bangi, cikin gundumar Madawa, Fulani na da Hotungo. A Tawa aka yi kokowar ƙasa ta farko a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe. Tun daga nan takobi ke zagaya jihohi, kowace jiha ta kawo ƴan kokowa 10, wato 80 ke nan, a kwashe kwana 10 ana kai ruwa rana. A 2017 Tawa ta karɓi kokowar, sannan a watan Disamba na shekarar ta karɓi bukin 18 ga Disamba da aka yi wa laƙabi da Tawa Sakola. Cikin watan Satumba kuma akwai taron makiyaya na Ingal, wanda masu zuwa daga kudu da yamma ke bin wannan hanya kafin su kai.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan taruka yana cin kuɗi, na gwamnati, na meri, na ƴan kasuwa masu tallafawa, da na talaka wanda ya yanka akuyarsa don baƙi. Inda kuɗi suka fita kuwa, ya kamata a san abin da ya shigo.

Wane ne ɗan yawon buɗe ido?

Kafin a ƙirga abu sai an san ko mene ne. Idan aka ce "yawon buɗe ido", hoton da ke zuwa ga yawancinmu shi ne na Bature da na'urar ɗaukar hoto a wuya, cikin mota mai shiga rairayi, za shi Ayar ko Tenere. Wannan hoto na shekarun 1980 ne, lokacin da Agadas ke cike da baƙin Turai. Tawayen da ya ƙare da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, da na 2007 zuwa 2009, da sace ma'aikata a Arlit a 2010, da kisan mutum 8 a Kure a watan Agusta na 2020, sun tsinke wannan hanya. Ko shigar tsohon birnin Agadas cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013 bai maido da ita yadda take ba. Duk wanda ya zauna yana jiran Bature kafin ya ce bukinsa ya samu baƙi, zai daɗe yana jira.

Ma'anar da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawon buɗe ido ta tsaida ba ta ambaci launin fata ba. Baƙo shi ne wanda ya bar wurin da ya saba zama ya tafi wani wuri na ƙasa da shekara ɗaya, ba don a ɗauke shi aiki a can ba. In ya kwana ko da dare ɗaya ne, ɗan yawon buɗe ido ne. In ya juya ranar, mai ziyarar yini ne. Bisa wannan ma'ana, Basakkwacen da ya zo Masallata ya kwana gidan ɗan'uwansa a Ƙonni, da ma'aikacin Yamai da ya ɗauki hutu don kokowa, da Ba'adaren da ya daɗe da zama Abijan ya daidaita ziyarar gida da lokacin buki, duka suna cikin lissafi. Su ne ma ainihin kasuwar bukukuwanmu.

Sai dai mafi yawansu ba sa sauka a otel. Suna sauka gidan dangi, gidan aboki, gidan maigari, ko su shimfiɗa tabarma a tasha. Saboda haka takardun da masu otel ke cikawa, waɗanda su ne tushen alƙaluman yawon buɗe ido a ƙasashe da dama, a nan kunnen giwa kawai suke nunawa, su bar giwar.

Ido ba mudu ba

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ga tsabar hatsi wannan gaskiya ne. Ga taron mutane kuwa ido maƙaryaci ne, balle idon wanda ya shirya bukin. Mutum dubu biyar da suka cunkushe a ƙaramin fili, ga ƙura, ga kiɗa, sai a rantse sun kai dubu hamsin. Cikin shekarun 1960 wani ɗan jarida mai koyarwa a jami'ar Kaliforniya ta Amurka, Herbert Jacobs, ya riƙa kallon zanga-zangar ɗalibai daga tagar ofishinsa. Daɓen filin na da zane-zane na murabba'i, sai ya ƙirga mutanen da ke cikin ƴan murabba'ai kaɗan, ya ninka da yawansu. Abin da ya fito da shi har yau ana aiki da shi: taro mai sarari, kusan mutum 1 a kowane murabba'in mita, mai cunkoso, 2 da ƴan kai, wanda ba a iya motsi a cikinsa, kimanin 4. Filin da ke da tsawon mita 100 da faɗin mita 50, ko ya cika maƙil ba zai wuce mutum dubu 20 ba, kome ƙarfin muryar sanƙira. Igiyar awo da hoto ɗaya da aka ɗauka daga bisa soro ko tudu sun isa wannan aiki.

Filin kokowa ya fi sauƙi, tunda yana da ƙofofi kuma ana sayar da tikiti. Amma ko a nan akwai tarko. Tikiti shiga yake ƙirgawa, ba mutum ba: wanda ya shiga safe da marece har kwana 10 ya shiga sau 20, alhali shi kaɗai ne. Manyan baƙi, makaɗa, ƴan jarida, jami'an tsaro da yaran da ke haura katanga kuwa ba su da tikiti sam.

Ga bukin da ba shi da katanga, irin na Masallata, ba kan tudun da ake Arwa ya kamata a tsaya da alƙalami ba. Wurin na masu shi ne, kuma yana da ladubbansa. A kan hanya ake ƙirgar, kuma a nan ne darajar Tsarnawa take. Mutum biyu a bakin hanyar Tawa, biyu a ta Maraɗi, biyu a ta Ƙonni, wasu kuma a hanyar da ta fito daga iyaka, kowa da littafinsa, suna jan layi ga kowace babbar motar fasinja, ƙaramar mota da babur. Wani ɓangare na aikin ma an riga an yi shi ba da niyya ba: wuraren biyan kuɗin hanya na yanka takarda ga kowace mota, kamfanonin sufuri na rubuta sunan kowane fasinja, tashoshi na da wakilan direbobi da suka san mota nawa ta tashi. Abin da ya rage shi ne wani ya tattara waɗannan takardu kafin a naɗe ƙosai da su.

Sharaɗi guda ne ba a tsallakewa. Sai an ƙirga ranar da ba buki kafin ƙirgar ranar buki ta yi ma'ana, don bambancin da ke tsakani shi ne aikin bukin. Kuma a gwada daidai da daidai: Laraba ranar kasuwar Ƙonni ce, Lahadi ta Illelar Najeriya, lokacin fitar albasa kuma hanya cike take ko ba a buga ganga ba. Wanda ya gwada Larabar buki da Talatar da ba kome, ya yaudari kansa.

Kuɗin da suka shigo da waɗanda suka wuce

Yawan kai ba shi ne riba ba. Akwai taron tsintsiya da ba shara. Tambayar da ta fi nauyi ita ce nawa baƙi suka bari a garin. Mutumin Ƙonni da ya sayi tsire a wurin buki bai ƙara wa Ƙonni ko dala ba, domin da ma a Ƙonni zai kashe kuɗin, sai dai a wata rumfa. Sabon kuɗi shi ne wanda ya fito daga aljihun wanda ya zo daga wani wuri. Don sanin wannan, sai an tambayi mutane, kuma tambayoyi biyar sun isa: daga ina, ku nawa kuka zo tare, kwana nawa, ina aka sauka, me aka kashe ga abinci, mota, masauki da tsaraba. Ana iya ƙara ta shida, wadda ta fi sauran amfani ga baɗi: mene ne ya fi damunka a nan?

Ba kowa ake tambaya ba. Mai sayen albasa ba ya zazzage duk buhunan mota, ƴan kaɗan yake buɗewa daga sama, tsakiya da ƙasa. Masana ƙididdiga sun nuna cewa in aka zaɓi mutum 400 ba tare da son rai ba, misali kowane na goma da ya wuce ta wata ƙofa, a lokuta dabam-dabam na yini, kuskuren sakamakon ba ya cika wuce kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa, ko taron na mutum dubu 10 ne ko na dubu 100. In kuwa aka tsaya ga masu manyan riguna da ke ƙarƙashin rumfa, to an buɗe buhunan sama kaɗai. Mata ma sai mata ƴan'uwansu za su fi samun amsarsu.

Mu ɗauki misali, ba don haka abin yake ba, sai don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce baƙi 1.000 sun kwana biyu, kowa na kashe jikka 5 a yini: miliyan 10 ke nan na sefa. Daga ciki sai a cire abin da bai tsaya ba. Kuɗin tikitin mota sun tafi hedkwatar kamfani, lemun kwalba da shinkafa daga waje aka kawo su, lasifika da rumfuna wataƙila daga Yamai aka yi hayarsu. Abin da ya tsaya shi ne na mai tuwo, mahauci, mai fura, ɗan kabu-kabu, ɗan garuwa, baduku da masaƙin tabarma. Sannan a ɗora abin da garin ya kashe, har da hatsin da masu masauki suka ɗebo daga rumbu, wanda ba ya bayyana a kowace takarda don kunya ba ta barin a faɗa. Baƙonka annabinka, haka ne. Amma in bukin na ƙara girma ne a kan rumbun talaka, gara masu shirya shi su sani.

Akwai waɗansu alamomi da ba sa buƙatar tambayar kowa: dabbobi nawa aka yanka a mahauta cikin makon, takardun harajin kasuwa nawa aka yanka, mutum nawa suka je gidan likita kuma da wace cuta. A Ƙonni, ƴan canji sun fi kowa sanin ranar da naira ta shigo gari da yawa.

Ƙasashen da suka yi nisa sun koma ga wayar salula, tunda kowace waya na sanar da eriyar da ke kusa da ita. Babban bankin Estoniya ya daɗe yana amfani da wannan hanya don lissafin matafiya, hukumar ƙididdiga ta Indonesiya kuma ta fara a 2016 don ƙirga masu shigowa ta iyakokin da ba su da cikakkun ofisoshi. Hanyar ta dace da wuri irin namu, amma tana da nata aibi. A bakin iyaka waya kan kama layin maƙwabta ba tare da mai ita ya motsa ba, ɗan kasuwa ɗaya na iya riƙe layi uku, tsohuwar da ta zo da jikokinta kuma ba ta da ko ɗaya. Bayan haka, Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar da ke tsaron ta, don haka jimla kawai ya halatta ta fito, ba sunan wane ko lambarsa ba. A ganinmu, garin da bai riƙe littafi da alƙalami shekara uku a jere ba, bai kai ga maganar eriya ba tukuna.

Lamba ba ta magana da kanta

In an samu alƙaluman, sai kuma a iya karanta su. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, cutar korona ta zo a 2020, iyakar ta sake rufuwa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, kuma faɗuwar naira tun 2023 ta sa kwana ɗaya a ƙasar sefa ya yi wa Basakkwace tsada. Bukin da baƙinsa suka ragu a waɗannan shekaru ba lallai laifin masu shirya shi ba ne. Haka kuma, shekarar da gwani irin Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobinsa na 6 a Agadas a 2023, ya kai ƙarshen gasa, fili zai cika ko da shirin bai yi kyau ba. Dole kowace lamba ta zo da bayanin shekararta a gefenta.

Akwai kuma cikas na al'ada da bai kamata a raina ba. Bahaushe ba ya son a ƙirga masa ƴaƴa ko dabbobi, kuma tun zamanin Nasara mai littafi da alƙalami bodo da jangali yake kawowa. Mai tuwon da aka tambaya cinikinta za ta zaci haraji ne ke tafe, ta rage rabi. Mai neman tallafi kuwa zai ninka nasa. Maganin wannan shi ne kada a rubuta suna, kada mai karɓar haraji ya zama shi ne mai tambaya, kuma maganar ta fito daga bakin sarki da masu unguwa kafin ranar. Ɗaliban lise na Ƙonni da na jami'ar Tawa za su iya aikin cikin kwana uku ko huɗu, in ofishin jiha na hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ya tsara musu takardar tambayoyi ya kuma duba lissafin. Wanda ya shirya buki bai kamata ya zama mai auna shi ba, kamar yadda ɗan kokowa ba ya busa wa kansa usur.

Abin da za a yi da sakamakon a fili yake. In an san mutum nawa ke taruwa kuma da wane lokaci, an san tankin ruwa nawa za a kawo, makewayi nawa za a gina, inda babura za su tsaya, da ko ma'aikacin lafiya ɗaya ya isa. Matar da ke cin bashin buhun shinkafa don buki za ta san ko rabi ya ishe ta, maimakon ta kwana da tukunya cike da bashi a wuya. In ya bayyana cewa mafi yawan baƙi daga Sakkwato suke, to a gidajen radiyon Sakkwato ya kamata a yi shela, kuma da wuri, da zarar dattawa sun tsaida rana. In ya bayyana yawancinsu juyawa suke ranar, sai a nemi abin da zai sa su kwana: kokowar marece, dambe, kasuwar kayan hannu. Kamfanin da ake roƙo ya tallafa kuma ya fi sakin hannu ga wanda ya zo da takarda fiye da wanda ya zo da kirari.

Ita kanta Tsarnawa tana da tata tambaya dabam, wadda ba ta yawan masu wucewa ba ce, ta yawan masu tsayawa ce. Cikin motoci 100 da suka karya zuwa Tawa a makon kokowa, nawa suka tsaya, minti nawa suka yi, me fasinja suka saya? In kaɗan ne, sai a bincika dalili: babu wurin ajiye mota ne, babu inuwa, babu wurin alwala da makewayi, ko kuwa direbobi sun riga sun ci abinci a Ƙonni? Kowace amsa da irin aikin da take nema daga meri, kuma yawancinsu ba su kai kuɗin rumfar manyan baƙi ta yini ɗaya ba. Littafin da aka cika bana a ajiye shi a meri, kwafi ɗaya a fadar sarki, a karanta jimlar a radiyon gari cikin Hausa, sannan baɗi a tsaya a wurare guda, a sa'o'i guda, da tambayoyi guda.